Kwamfuta ɗaya, Windows da Linux: yadda ake buɗe fayilolin ɗaya daga cikin ɗayan da saita intanet

Wanda ya saka Linux a gefen Windows a kwamfuta ɗaya yakan gamu da abu biyu tun ranar farko. Ya nemi takardunsa da hotunansa bai gan su ba, ko ya gan su amma an hana shi ajiye komai a wurin. Sannan intanet ɗin da yake aiki lafiya lau a Windows ya ƙi tashi. Duk biyun suna da gyara, kuma rabin gyaran a cikin Windows ake yin sa, kafin ma a shiga Linux. Misalan da ke nan na Ubuntu ne da danginsa irin su Linux Mint, amma kusan duka suna aiki a Fedora da Debian, sai dai umarnin saka manhaja da yake bambanta.

Abin da za ka gama a Windows tukuna

Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, idan ka danna Shut down kwamfutar ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba. Akwai wani tsari mai suna Fast Startup da ke kwashe halin da tsarin yake ciki ya zuba a fayil ɗin hiberfil.sys, don gobe ta tashi da sauri. Illarsa ita ce, Windows yana barin faifai da alamar cewa bai gama aiki da shi ba. Idan Linux ya yi rubutu a wurin, sannan Windows ya farka da tsohon lissafinsa na inda kowane fayil yake, abin da ka ajiye zai iya ɓacewa, ko ma ɓangaren faifan da Windows ke zaune a kai, wato partition, ya lalace. Shi ya sa Linux yake ƙin rubutu a irin wannan ɓangare. Gaskiyarsa ce, kada ka tilasta masa.

Ka shiga Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do. Danna Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar da ke gaban Turn on fast startup, ka ajiye. Hanya mafi gajarta ita ce ka buɗe Command Prompt da ikon mai kula da kwamfuta ka rubuta:

    powercfg /h off

Wannan yana kashe Fast Startup da Hibernate, wato kashe kwamfuta tare da adana aikin da ke buɗe, a lokaci guda. Idan kana amfani da Hibernate, ka bi hanyar farko, amma ka riƙe doka ɗaya: ranar da ka kwantar da Windows da Hibernate, kada ka rubuta komai a ɓangarensa daga Linux.

Abu na biyu shi ne BitLocker, makullin da ke rikita abin da ke faifai yadda ba mai karantawa sai da mabuɗi. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da shi a kunne, mai ita ma bai sani ba. A Command Prompt da ikon mai kula da kwamfuta rubuta `manage-bde -status` ka ga ko a kunne yake. In a kunne yake, nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. Rubuta shi a takarda. Ajiye shi a cikin faifan da shi ne mabuɗinsa bai da wani amfani.

Na uku, kwashe bayanan intanet tun yana aiki. Rubuta `ipconfig /all`, ka nemi katin da kake amfani da shi, ka kwafi layuka huɗu: IPv4 Address, Subnet Mask, Default Gateway, da DNS Servers. Duba kuma ko DHCP Enabled yana cewa Yes ko No. DHCP shi ne tsarin da rauta, na'urar da ke raba intanet, ke ba wa kowace na'ura adireshi ba tare da an saka hannu ba. Idan ka manta kalmar sirrin Wi-Fi, Windows bai manta ba:

    netsh wlan show profile name="SunanWiFi" key=clear

Za ka gan ta a gaban Key Content. Da wannan takarda a hannu, sai ka kashe Windows ka shiga Linux.

Gane wane ɓangare ne wane

Linux bai san C: da D: ba. Faifai na farko irin na SATA shi ne /dev/sda, na biyu /dev/sdb, ɓangarorinsu kuma sda1, sda2, haka dai. Faifan NVMe sunansa /dev/nvme0n1, ɓangarorinsa nvme0n1p1, nvme0n1p2. Buɗe Terminal ka rubuta:

    lsblk -o NAME,SIZE,FSTYPE,LABEL,UUID,MOUNTPOINT

A kwamfutar da aka saka wa Windows 10 ko 11 ta hanyar da aka saba, za ka ga wani ɗan ƙaramin ɓangare mai vfat a ƙarƙashin FSTYPE, wato nau'in tsarin ajiye fayiloli, sau da yawa kusan MB 100 ko sama da haka kaɗan. Na EFI ne, daga nan tsarin biyu suke tashi, ba ruwanka da shi. Akwai wani na MB 16 da ba a rubuta masa nau'i ba, na Microsoft ne, shi ma bar shi. Akwai wani ƙaramin ntfs da bai kai ko ya ɗan zarce GB ɗaya ba, na gyaran Windows ne. Wanda kake nema shi ne babban nan mai ntfs, ko mai BitLocker idan a kulle yake. Na Linux ɗinka zai nuna ext4, ko btrfs in Fedora ce. Girman ɓangare ya fi lambarsa zama shaida: idan C: ɗinka GB 200 ne a Windows, nemi mai kusan wannan girman. A misalan da ke gaba na ɗauka nvme0n1p3 ne. Naka zai iya bambanta, kuma kwafe umarni ba tare da canza wannan suna ba shi ne hanyar da mutane suka fi jawo wa kansu asara.

Ɗora ɓangaren

A Linux ba a ba wa ɓangare harafi. Ana ɗora shi ne a kan wata folda, sai abin da ke cikinsa ya bayyana a wannan foldar. Manhajar duba fayiloli tana yin haka da kanta idan ka danna sunan faifan a gefen hagu, kuma in ta yi aiki, to ta wadatar. Amma yana da kyau ka iya da hannu, domin ranar da dannawa ta ƙi, Terminal ne zai gaya maka dalili.

    sudo mkdir /mnt/windows
    sudo mount -o ro /dev/nvme0n1p3 /mnt/windows
    ls /mnt/windows

Haruffan nan biyu, `ro`, suna nufin karatu kawai, ba rubutu. Ni dai shawarata kullum ita ce a fara da su. Idan ka ga Users da Windows da Program Files, ka dace da ɓangaren. Takardunka suna cikin Users, sai sunanka, sai Documents ko Desktop ko Pictures. Wanda kwafo fayiloli kawai yake so, aikinsa ya ƙare a nan, kuma bai saka komai cikin haɗari ba.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai: fayil yana nan da sunansa amma ya ƙi buɗuwa. In a cikin foldar OneDrive yake, mai yiwuwa suna ne kawai a faifan, ainihin fayil ɗin yana can a intanet. Sai ka koma Windows, ka danna foldar da maɓallin dama, ka zaɓi Always keep on this device, ka jira ya gama saukewa.

Idan kana son rubutu, sauke ɓangaren ka sake ɗora shi da sunanka. NTFS, tsarin ajiye fayiloli na Windows, bai san tsarin mallaka na Linux ba, don haka sai an faɗa masa wane ne mai fayilolin. Rubuta `id` ka ga lambarka. Mutum na farko a yawancin Linux lambarsa 1000 ce.

    sudo umount /mnt/windows
    sudo mount -t ntfs-3g -o uid=1000,gid=1000,windows_names /dev/nvme0n1p3 /mnt/windows

Direbobin NTFS, wato manhajojin da ke karanta shi da rubutu a kansa, biyu ne a Linux. Akwai ntfs-3g, tsoho mai haƙuri, ya daɗe ana aiki da shi, sai dai bai cika sauri ba. Akwai ntfs3 na kamfanin Paragon, wanda ya shiga cikin Linux 5.15 a 2021, ya fi sauri wajen manyan fayiloli. Ga wanda ke kwafar takardu jefi-jefi, ntfs-3g ya ishe shi, kuma saƙonninsa na kuskure sun fi fitowa fili. In babu shi, `sudo apt install ntfs-3g`.

Shi kuwa `windows_names` amfaninsa babba ne. Linux zai bar ka ka saka wa fayil suna mai alamar tambaya, ko tauraro, ko ɗigo biyu na sama da ƙasa, alhali Windows bai yarda da su ba. Ka ajiye irin wannan fayil a ɓangaren Windows, ka koma can, sai ya ƙi buɗuwa, ya ƙi goguwa. Wannan zaɓi yana hana ka tun daga farko. Haka kuma Linux yana ɗaukar Rahoto.txt da rahoto.txt a matsayin fayiloli biyu daban, Windows kuwa ɗaya yake gani, don haka kada ka tara irinsu a folda guda. Foldojin Windows da Program Files kuma, kallo kawai.

Idan ya ƙi

Saƙon da aka fi gani yana cewa Windows is hibernated, ko unclean file system, sai ɓangaren ya hau a karatu kawai. Da ntfs3 saƙon yakan zama na gama-gari, sai ka rubuta `sudo dmesg | tail` ka ga ana cewa volume is dirty. Maganin duka ɗaya ne: koma Windows, tabbatar Fast Startup a kashe yake, buɗe Command Prompt da iko ka rubuta `chkdsk C: /f`, ka amsa da Y, ka sake kunna kwamfutar ta yi bincikenta, sannan ka kashe ta sosai.

Za ka ga ana yawan ba da shawarar `ntfsfix`. Yana gyara 'yan ƙananan abubuwa, kuma da `-d` yana goge alamar nan ta cewa faifan bai da tsabta. Amma goge alama ba gyara ba ne, kuma ntfsfix ba ya maye gurbin chkdsk. Akwai kuma zaɓin `remove_hiberfile`, wanda ke share fayil ɗin Hibernate gaba ɗaya, tare da duk aikin da ka bari a buɗe ba ka ajiye ba. Waɗannan na ranar da Windows ya ƙi tashi ne kwata-kwata, kuma ko a ranar, fara ɗorawa da `ro` ka kwashe abin da kake buƙata zuwa wani faifai kafin ka taɓa komai.

Idan BitLocker ne, manhajar cryptsetup daga siga ta 2.3 zuwa sama ta iya buɗe shi:

    sudo cryptsetup open --type bitlk --readonly /dev/nvme0n1p3 win
    sudo mount -o ro /dev/mapper/win /mnt/windows

Zai tambayi kalmar sirri, sai ka shigar da lambobin nan 48 tare da 'yan layukan da ke raba su. In ka gama, `sudo umount /mnt/windows`, sannan `sudo cryptsetup close win`.

Wani lokaci umount zai ce target is busy. Ko dai Terminal ɗinka yana tsaye a cikin foldar, ko wata manhaja tana riƙe da fayil. Rubuta `cd` ka fita, ka rufe tagogin. In bai saki ba, `fuser -vm /mnt/windows` zai nuna mai riƙon.

Ya riƙa hawa da kansa

Fayil ɗin /etc/fstab shi ne jerin abubuwan da Linux ke ɗorawa idan ya tashi. Kuskure a cikinsa yana iya tsayar da kwamfuta a baƙin allo na gaggawa, don haka yi kwafinsa tukuna:

    sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho
    sudo nano /etc/fstab

A can ƙasa ƙara layi ɗaya:

    UUID=1A2B3C4D5E6F7A8B /mnt/windows ntfs-3g uid=1000,gid=1000,umask=022,windows_names,nofail 0 0

Canza UUID ɗin, wato lambar shaidar ɓangare, da naka, wanda lsblk ya nuna. Na NTFS haruffa da lambobi 16 ne. Ana amfani da shi maimakon suna irin /dev/sda3 saboda sunaye irin su sda da sdb suna iya sauya wuri idan an ƙara faifai, UUID kuwa yana bin ɓangarensa. Kalmar `nofail` ita ce ke cewa in ɓangaren ya ƙi hawa, a ci gaba da tashi kada a tsaya. Ajiye da Ctrl+O, fita da Ctrl+X. Kafin ka sake kunna kwamfutar, gwada:

    sudo systemctl daemon-reload
    sudo mount -a

Idan bai ce komai ba, kuma fayilolin sun bayyana, layin ya yi.

Daga Windows zuwa Linux fa?

Nan hanyar ta fi ƙunci. Windows bai iya karanta ext4 da kansa ba, kuma wani lokaci zai fito da tambaya ko kana son ya yi wa faifan format, wato ya goge duk abin da ke kansa. Amsar ita ce a'a, ko yaushe. Da WSL 2, tsarin gudanar da Linux a cikin Windows, akwai umarnin `wsl --mount` da ke buɗe ext4, amma yana karɓe faifai sukutum ne daga hannun Windows, don haka ba ya aiki idan Linux da Windows suna kan faifai guda. A ganina abin da ya fi sauƙi shi ne a ware wani ɓangare na musamman don kayan da tsarin biyu za su riƙa taɓawa, a yi shi NTFS ko exFAT, dukansu suna karanta shi. FAT32 ma suna karantawa, amma ba ya ɗaukar fayil da ya kai GB 4.

Intanet: fara da ganin halin da ake ciki

    ip a
    ip route
    nmcli device status

Na farko yana nuna katunan sadarwa. Wanda ake kira lo mai 127.0.0.1 kwamfutar ce ke magana da kanta, tsallake shi. Na kebul sunansa yakan fara da en, kamar enp3s0, na Wi-Fi kuma da wl, kamar wlp2s0. Nemi layin inet a ƙarƙashinsa. Adireshi irin 192.168.1.23/24 yana nufin rauta ta ba ka lamba. Wannan /24 shi ne 255.255.255.0 da ka kwafo daga Windows, rubutun ne kawai ya bambanta. Idan adireshin ya fara da 169.254, ko babu shi sam, to kwamfutar ta nemi lamba ba a ba ta ba. A `ip route`, layin da ya fara da default via yana nuna ƙofar fita (Default Gateway), wato rautar da duk abin da zai bar gida yake bi ta kanta.

In katin Wi-Fi bai fito a jerin ba, gwada `rfkill list`. Soft blocked yana buɗuwa da `rfkill unblock wifi`. Hard blocked kuwa maɓalli ne a jikin kwamfutar ko saiti a BIOS. In ba toshewa ba ce, direba ne ya rasa, kuma `lspci -nnk` zai nuna sunan katin da ko akwai direban da ke riƙe da shi. Katunan Broadcom da wasu na Realtek su aka fi sani da wannan. Saukar da direba kuma sai da intanet, to mafita ita ce ka jona wayarka da kebul na USB ka kunna USB tethering. Linux yakan gane ta nan take kamar kebul ɗin sadarwa. A Ubuntu, sai ka buɗe Additional Drivers.

Shiga Wi-Fi daga Terminal:

    nmcli device wifi list
    nmcli --ask device wifi connect "SunanWiFi"

Da `--ask` zai tambaye ka kalmar sirri maimakon ka rubuta ta a layin umarni, inda za ta zauna a tarihin Terminal.

Tsayayyen adireshi

Yawancin mutane ba sa buƙatarsa. DHCP yana raba adireshi, da ƙofar fita, da DNS ba tare da an saka hannu ba. Kana buƙatar tsayayye ne idan Windows ya nuna DHCP Enabled No, ko idan wasu na'urori za su riƙa neman wannan kwamfuta, kamar wadda aka jona wa firinta ko ake ajiye fayiloli a kanta. Nemi sunan haɗin da `nmcli connection show`, sannan:

    sudo nmcli connection modify "Wired connection 1" ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.50/24 ipv4.gateway 192.168.1.1 ipv4.dns "1.1.1.1 8.8.8.8"
    sudo nmcli connection up "Wired connection 1"

Lambobi ukun farko dole su dace da na rautarka. In ita 192.168.0.1 ce, kai ma 192.168.0 za ka fara da shi. Lamba ta ƙarshe kuma zaɓi wadda ba ta cikin jerin da rauta ke rabawa, domin na'urori biyu a adireshi ɗaya suna jawo intanet mai zuwa yana ɗaukewa, irin matsalar da mutum zai wuni yana zargin kamfanin sadarwa. Shafin saitin rauta yana nuna iyakar jerin, kuma a yawancinsu ma za ka iya keɓe wa kwamfutarka lamba daga can, wanda ya fi tsabta tunda zai yi aiki a Windows da Linux baki ɗaya. Komawa DHCP:

    sudo nmcli connection modify "Wired connection 1" ipv4.method auto ipv4.gateway "" ipv4.addresses "" ipv4.dns ""

Wanda dogon umarni ya gundura, `nmtui` yana yin duk wannan da 'yan akwatuna a cikin Terminal. Ubuntu Server kuma Netplan yake amfani da shi, fayilolinsa suna /etc/netplan, kuma tazarar farkon layi tana da muhimmanci a cikinsu, ba a amfani da Tab. In ka gyara, rubuta `sudo netplan try`. Idan ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120, zai mayar da tsohon saiti, abin da ke ceton wanda ke gyara kwamfutar server daga nesa.

DNS shi ne mai juya suna zuwa lamba. 1.1.1.1 na Cloudflare ne, 8.8.8.8 na Google. Idan DNS kaɗai kake son canzawa ka bar sauran a hannun DHCP, saka `ipv4.dns` tare da `ipv4.ignore-auto-dns yes`. Kada ka gyara /etc/resolv.conf da hannu a Ubuntu. Za ka ga 127.0.0.53 a ciki, ba kuskure ba ne, systemd-resolved ne ke tsaye a wurin, kuma gyaran da ka yi ba zai daɗe ba. `resolvectl status` ne ke nuna ainihin DNS ɗin da ake amfani da shi.

Gano inda ya tsaya

Gwaji uku, a jere (a na farko saka adireshin rautarka):

    ping -c 4 192.168.1.1
    ping -c 4 1.1.1.1
    ping -c 4 wikipedia.org

Idan na farko ya faɗi, matsalar tana tsakaninka da rauta: kebul, kalmar sirri, ko adireshin da bai dace ba. Idan na farko ya wuce na biyu ya faɗi, ko dai ƙofar fita ba daidai take ba, ko rautar kanta ba ta da intanet, sai ka gwada da waya a Wi-Fi ɗin. Idan biyun sun wuce na uku ya ce Temporary failure in name resolution, DNS ne kawai, kuma ka riga ka san gyaransa. Wasu wurare, musamman ma'aikatu, suna toshe ping da gangan, don haka in shafuka suna buɗuwa kada rashin amsarsa ya dame ka.

Saura agogo. Windows yana ɗaukar agogon cikin kwamfuta a matsayin lokacin garinku, Linux kuma yana ɗaukar sa a matsayin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, shi ya sa lokaci ke gocewa da awa ɗaya ko fiye duk sanda ka sauya daga wannan zuwa wancan. Agogon da ya goce sosai yana iya sa shafuka masu tsaro su ƙi buɗuwa, ko lambobin shiga asusu masu ƙarewa cikin daƙiƙa 30 su riƙa faɗuwa. Gyara mafi sauri daga ɓangaren Linux shi ne:

    sudo timedatectl set-local-rtc 1
    sudo timedatectl set-ntp true

Zai yi maka gargaɗi cewa wannan tsari yana iya rikicewa a ƙasashen da ke matsar da agogo lokacin bazara. In kana irin wannan ƙasa, bar Linux a kan UTC, ka sa Windows ya bi shi ta hanyar ƙara RealTimeIsUniversal mai ƙimar 1 a Registry, wato ma'ajiyar saitin Windows, ƙarƙashin TimeZoneInformation, sannan ka sake kunna kwamfutar ka daidaita agogon sau ɗaya.